Sin a Takardar Siminti

A shekarata ta biyu a Riyad ina tuƙa tankar ruwa zuwa wani wurin gini a Dir'iyya. Ɗan kwangilar shi ne kafilina, da sunansa nake zaune a ƙasar, ranar da ya gaji da ni kuwa sai Kano, inda mata da 'ya'ya uku ke zuba min ido. Saboda haka ban cika buɗe baki ba, ko an taka ni.

Mai kula da sito wani dattijo ne Badamagare, tsohon malamin Faransanci. Da ya ji ni Bakano ne sai ya ce Allah ya kawo masa bawa har gida. Na ce ai mu ba ma bauta wa wanda rawaninsa ya fi tukunyarsa girma. Daga ranar muka shaƙu, nake kiransa Baba.

Lokacin zafi akan tsayar da aiki da tsakar rana. Mukan raɓe a inuwar sito, shi ya yago takardar buhun siminti ya ciro biro a bayan kunne. A nan ya fara ba ni labarin wani ilimin Yahudawa da ake kira Kabala, wanda ya karanta a littattafan Faransanci tun yana saurayi. Na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya har da tari.

"Kai Bakano, sanin hanyar gidan maƙwabci ba ƙaura ba ne. Zauna."

Komai da raha yake koyar da shi. Ya ce malamansu na cewa kafin halitta sai da Ubangiji ya janye haskensa don duniya ta samu wuri, kamar yadda mu takwas muke takurewa a ɗakinmu na unguwar Al-Shifa in baƙo ya sauka. Ya zana da'ira goma a jere kamar bishiya, ya ce tukwane ne da aka zuba wa haske, wasu suka kasa ɗauka suka fashe, tartsatsin ya watsu ko'ina.

"Wani ya faɗo Damagaram," in ji shi. "Kano dai har yau ana cigiya."

Abin da ya fi kama ni shi ne lissafin haruffa, don na taɓa ganin irinsa wajen malaman zaure. Ya nuna min kalmar ahad tana ba da sha uku, ta Yahudanci mai ma'anar ɗaya ita ma sha uku, kalmarsu ta ƙauna ma haka. Na yi ta juya abin a raina ina tuƙi. Sai dai kullum a wuri ɗaya nake tuntuɓe. A ƙidayar da muka gada a ƙasar Hausa harafin sin ɗari uku ne, a ta Larabawan gabas kuwa sittin. Baba ya ce tunda a gabas muke, ta gabas za mu bi, ni kuwa hannuna ya ƙi.

"Sin ɗin nan ɗan ci-rani ne irinmu," ya ce. "A gida ɗari uku, ya zo nan ya koma sittin."

Na yi dariya, amma da na dube shi sai na ga shi bai yi ba.

Wata Talata na zana bishiyar da kaina, na jera haruffan kalmar salam da lambobinsu, sin ɗari uku kamar kullum, na manta takardar a bakin sito. Mudirin wurin, wato manajan aikin, ya tsince ta. Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san abin da zargin sihiri ke jawowa. Aka kira mu biyu ofis, don kowa ya san tare muke zama.

"Esh haza? Sihir?" Ya ɗaga takardar, wato mene ne wannan, sihiri ne? Ya ce ba zai kira hukuma ba, amma mai wannan rubutu ya gama aiki, huruj, ficewa ba dawowa.

Ina ganin rubutuna ƙuru-ƙuru, karkatacce kamar sawun kaza.

"Nawa ne, ya mudir," in ji Baba. "Wasan lissafi ne kawai."

Mudirin ya ƙara duban takardar ya taɓe baki. "Ko lissafin ma ba daidai ba ne. Sin sittin ne."

"Tsufa ne, ya mudir."

Mutumin da ya yi wata biyar yana min tsiya kan wannan kuskure, shi ya ɗauke shi ya ɗora a kansa. Ni kuwa na tsaya ina kallon takalmina. Tsoro ne, ba ni da wani suna da zan ba shi, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ranar tafiyarsa na ɗaukar masa jaka zuwa mota. Na fara magana ya tare ni.

"Ɗana, nawa sun girma, naka ba su girma ba. Riƙe bakinka."

Na riƙe. Na ƙara shekara huɗu a wannan aiki.

Bayan shekara guda da tafiyarsa babban ɗansa ya kira ni daga Damagaram, ya ce Baba ya rasu. Na yi masa ta'aziyya. Sannan ya ce yana da tambaya. Tun dawowar Baba ake raɗe-raɗin wai tsibbu ya sa aka koro shi daga ƙasa mai tsarki, har masallacin unguwa suka daina ba shi limanci in liman ba ya nan. Shi kuma bai taɓa kare kansa ba.

"Yaya, kai ka zauna da shi. Gaskiya ne?"

Na ce masa ba gaskiya ba ne, rubutun nawa ne, na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama.

"To, Allah ya yafe mana," ya ce. "Da ma ka faɗa tun yana raye yana jin maganganun mutane."

Ya kashe wayar. Ina cikin tanka a bakin ƙofa, mai gadi yana ta min alama in shigo da ruwan.