Tattabarun Maƙwabci

Har yau, in na ji ƙarar fukafukan tattabaru sun tashi gaba ɗaya bayan la'asar, sai in tsaya da duk abin da nake yi. Nan unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira ba su da yawa, amma akwai wani yaro a benen da ke kallon namu da yake sakin nasa kullum. Suna tashi, ni kuma sai in koma Giza, saman wani tsohon bene, inda kakata ta wajen uba take kiwon nata a cikin akwatunan katako da ta ɗora kan juna.

Kaka Bahaushiyar Sudan ce, ta biyo mahaifina Misra bayan rasuwar kakanmu. Ba ta taɓa son Alƙahira ba, ta ce gari ne da ake taka mutum ba a ce masa sannu. Saman benen nan ne kaɗai ƙasarta. Can take shanya kuɓewa, can take jan carbi, can kuma take zaɓar wadda za ta shiga tukunya ranar Juma'a. Ni kuwa ina da tawa a cikin garken, wata fara mai jan wuya da ta faɗo daga sheƙa tun ba ta yi gashi ba, ƙafarta ta karye. Da bakina na riƙa tauna mata gero har ta rayu. Na sa mata suna Gurguwa, Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an raɗa wa abin miya suna ba.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wani dattijo Ba'indiye mai sayar da duwatsun ado a kasuwar Ataba. Shi kaɗai yake zaune. Mu yara Ammu muke ce masa, kamar yadda 'ya'yan Misirawa ke kiran kowane babba, Kaka kuma Maƙwabci. Addininsa Jain ne, amma a lokacin ba wanda ya san wannan a gidanmu. Abin da muka sani shi ne mutumin yana da abubuwan mamaki. Ba ya cin abinci in rana ta faɗi. Yakan tace ruwan famfo da farin ƙyalle kafin ya sha. Ba ya cin albasa, abin da Kaka take ɗauka a matsayin babbar jarrabawa daga Allah. Na taɓa ganinsa ya kama kyankyaso da kofi, ya sauko da shi har ƙofar gida ya sake shi, Kaka na tsaye da silifa a hannu tana jira ya juya baya.

Kowace safiya yakan hau saman bene da ƙwaryar hatsi ya watsa wa tsuntsaye. Kaka na ƙaunarsa saboda wannan. A ganinta ga mutumin kirki yana ƙosar mata da tattabaru kyauta.

Wata shekara, a tsakiyar sanyin Alƙahira, irin wanda yake shiga ƙashi ta ƙasan tayil, muka ga ƙofarsa a buɗe da hantsi, bai tafi kasuwa ba. Mai gadin gidan ya gaya wa Kaka cewa an yi masa rasuwa a ƙasarsu, babban malaminsu ne ya cika. Kaka ta yi salati. Sannan ta ce mutum a ƙasar wasu, ba ɗa ba jika, in mu ba mu ɗora masa tukunya ba wa zai ɗora? Kuma ba za ta kai wa mai makoki abincin raini ba, tattabara za ta cusa wa shinkafa irin ta Misirawa. Innata ta ce tana jin fa ba ya cin nama. Kaka ta ce saniya ce Indiyawa ba sa ci, kowa ya san wannan, tattabara kuwa ai tsuntsu ce.

Sanyi ya ramar da garken duka, ban da ɗaya. Ni da Ammu mun haɗu mun shagwaɓa Gurguwa har ta yi ɓul-ɓul. Ina kallo Kaka ta sa hannu ta damƙo ta, ta haɗa da wata, ta ɗaure musu ƙafafu da zare. Na yi kuka, na yi birgima, na rantse ba zan ƙara cin abinci a gidan ba. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, haƙƙin maƙwabci ya fi hawayenki. Yalla, ɗauko kwando." A ranar na tsani kakata, ba zan ɓoye muku ba.

Mai gadi ne zai yanka, don mahaifina yana wurin aiki. Amma Kaka ta ce ba a wuce ƙofar makoki ba a yi gaisuwa ba, kuma tana so ya ga abin da ransa, ya san ba na firji za a kawo masa ba. Muka yi sallama. Yana zaune a ƙasa cikin fararen kaya, gabansa hoton wani tsoho siriri, kai a aske, an rufe bakinsa da ɗan farin ƙyalle, a gefensa wata tsintsiya mai laushi kamar ta ulu. Kaka ta yi masa ta'aziyya da Larabcinta na Sudan, shi ya amsa da nasa na kasuwa. Sai ta buɗe kwandon, ta ce yanzu za a yanka, kafin la'asar abinci ya iso, sadaka ce ga malaminsa.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Bai yi tsawa ba. Ya roƙi Kaka ta zauna, ya ba mu labarin mutumin da ke cikin hoton.

Ya ce malamin ɗan masu arziki ne, ya bar komai tun yana saurayi. Duk tsawon ransa bai hau mota ba, bai sa takalmi ba, da ƙafa ya bi ƙauyuka yana share gabansa da tsintsiyar nan don kada ya taka ko tururuwa. Ƙyallen bakin kuma don kada ya cutar da ƙananan halittun da ke cikin iska. In ya ji an yi rikici tsakanin mutane biyu ko gari biyu, can yake dosa, ya zauna a tsakani ya ƙi tashi sai an ajiye makamai. Bai taɓa ce wa kowa ya bar addininsa ba. Abu ɗaya yake roƙo, kowa ya zaɓi wata cuta ƙarama da yake yi wa wani mai rai, ya bar ta ko da na yini guda ne.

Sannan ya dubi kwandon ya ce, "Hajja, kin ce nawa ne?"

"Naka ne mana."

"To ki ba ni su da ransu."

Kaka ta ɓata rai. A wurinta mayar da abinci zagi ne, kuma wace irin sadaka ce ba a ɗora tukunya ba? Na ga ta ja kwandon jikinta. Ta daɗe tana kallon hoton, musamman ƙafafun tsohon, duk sun tsage kamar na mutanenmu da suka taka zuwa Makka a da. Can ta nisa ta ce mu ma an karanta mana cewa wani ya sami rahama don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ta sa haƙori ta tsinke zaren. "Khalas, shi ke nan. Ga su nan, Allah Ya ji ƙan bayinSa."

Muka hau sama mu uku, Ammu ya buɗe tafukansa, suka tashi. Suka yi zagaye a kan unguwa, sannan, kamar yadda duk mai kiwon tattabara ya sani, suka dawo suka sauka kan akwatunan Kaka, Gurguwa na ɗingishi tana neman hatsi. Kaka ta riƙe haɓa. Kyauta ta riga ta fita daga hannunta, yanzu kuma ga kayan mutane a gidanta. Ba za ta yanka abin da ba nata ba.

Daga nan fa matsala ta fara. Gurguwa ta yi ƙwai, 'ya'yanta suka yi nasu, suka cakuɗe da sauran. Duk Juma'ar da Kaka ta kamo wata, sai in ce anya ba jikar Gurguwa ba ce? Ta juya ta, ta duba wuya, ta yi tsaki ta sake ta. A ƙarshe ta haƙura, ta koma sayen kaza a kasuwa, don kada ku ɗauka ta daina cin nama. Takan ce Ba'indiyen nan ya cinye mata garke kaf bai tauna ko ƙashi ba. Amma duk shekara in ranar ta zagayo, ba a taɓa wuƙa a gidanmu. Takan dafa masa shinkafa da wake ba albasa, tana dafawa tana yi wa abincin ba'a, ta aike ni da shi da wuri don kada rana ta faɗi.

Da tsufa ya kama shi zai koma ƙasarsu, ta ce ya zo ya kwashe tsuntsayensa. Ya ce ta riƙe masa. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Yanzu an rushe benen, an gina wani dogo mai gilashi, ba mai hawa samansa. Sunan malamin ma ban riƙe ba, harshena bai taɓa iya furta shi ba. Ina dai kiyaye ranar, 'ya'yana suna ƙorafin wake, ni kuma ina kewar mutanen nan biyu fiye da yadda zan iya faɗa. A ciwonta na ƙarshe, da mahaifina ya zauna kusa da ita yana jin wasiyya, ta lissafa zannuwanta da ɗan kunnenta, ta faɗi wanda za a ba kowanne. Ya tambaye ta tattabarun fa. Ta buɗe ido ta harare shi, ta ce, "Waɗannan ba gado ba ne. Na maƙwabci ne, ajiya ya ba ni. Kada wanda ya sa musu wuƙa."