Fitilar Da Na Zaɓa Wa Baba

Ranar kasuwar Zango ce, kwana biyu bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsugune gaban tabarmar wani mai sayar da kayan ƙarafa, Baba yana tsaye a kaina, inuwarsa ta rufe ni. A kan tabarmar, tsakanin tsofaffin sufanu da sarƙoƙin keke, akwai fitilu biyu na gasa ƙarfe, irin waɗanda ake zuba wa kananzir, a buga musu iska da ɗan famfo, su riƙa feso wuta ta baki. Ɗaya tsohuwa ce ta tagulla, mai nauyi, duk jikinta ya lotsa. Ɗayar sabuwa ce 'yar ƙarama, tana cikin kwalinta mai rubutun Turanci. Baba ya zungure ni da ƙafa ya ce, "Kai ne ɗan boko, Idi. Duba ka zaɓa mana."

Garmar shanu ce ta kai mu can. Ita ce dukiyar gidanmu, ita da bijimai biyu da nake kai wa dusa da harawa kowace safiya kafin in tafi makaranta, in dawo in kora su rijiya. Gero ana shuka shi ko ba huɗa, amma gyaɗa sai an tayar mata da kunya tun ƙasa na da danshi, gyaɗar kuma ita ce suturarmu da man miyarmu. Tun ƙarshen daminar bara aka jingine garmar a bayan garke, inda fitsarin shanu ke gangarowa. Bakinta ya riga ya cinye, Baba ya sayo sabo, amma noti biyun da ke riƙe da tsohon sun yi tsatsa har sun zama abu ɗaya da ƙarfen. Mun zuba man gyaɗa, mun zuba kananzir, mun kwankwasa da dutse, ko motsi ba su yi ba.

A ƙauyenmu ƙarfe da wuta na maƙera ne. Duk wanda abinsa ya cije sai ya kai wa Mati maƙeri, ya sa a gawayi ya zuga, kafin ka gama gaisawa ya kwance. Sai dai bakin garmar da Baba ya sayo na kamfani ne daga Daura, ba ƙirar Mati ba, labari kuwa ya riga mu isa. Muka ɗauki garmar ni da Baba muka kai maƙera tun hantsi, muka zauna har azahar yana sallamar waɗanda suka zo bayanmu. Da Baba ya yi magana, Mati ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Malam Haruna, ai wanda ya sayar maka da bakin yana da wuta. Ko tasa ta mutu?" Mutane suka yi dariya. Baba ya saɓa garmar shi kaɗai, a hanya ya rantse ba zai sake taka maƙerar nan ba, zai sayi wutarsa.

Ni kuwa tun ina ƙarami mai fargaba ne. Idan muna langa a filin makaranta ni ne ke tsayawa in tsince ƙaya kafin a fara. Idan Inna ta aike ni sayen gishiri sai in dawo daga rabin hanya in sake tambaya na nawa ta ce. Malaminmu yakan ce, "Idi sai ya karanta sunansa sau uku kafin ya yarda nasa ne." A gida wannan hali ya ja mini daraja, ni ke karanta wasiƙa da takardar asibiti, don an san ba na tsallake layi.

Mai kayan ya kunna tsohuwar, ta yi gurnani, wutarta shuɗiya har tana kaɗa gefen tabarma. "Wannan ko ƙafar jirgin ƙasa ce za ta kwance maka, Alhaji," in ji shi, alhali Baba ko Kano bai taɓa zuwa ba. Amma ni idona yana gindinta, inda na ga kananzir yana tsattsafowa ta wani tsohon liƙi. Nan take na hango ta fashe a hannun Baba, na hango fuskarsa, na hango dangar gidanmu ta kama. Na ɗauki kwalin sabuwar na karanta kowane gefe, rabin kalmomin ban san su ba, amma akwai hoton hannu riƙe da ita gaban wani noti da ya yi ja. Na ce a kunna mana. Mutumin ya ce, "Ɗan malam, in na kunna ai ta zama tsohuwa, wa zai saya?" Baba yana ta duban rana. Na ce sabuwar, ba ta yoyo, kuma ta fi araha. Bai ƙara tambaya ba, ya biya.

Da la'asar muka kwantar da garmar a tsakar gida, don Baba ya ce a yi a fili, nesa da rumbu da danga. Maƙwabta suka leƙo, yara suka hau katanga. Fitilar ta kama, amma wutarta ba ta fi tsawon yatsa ba, iskar gabas tana ta karkatar da ita. Baba ya riƙa yawo da ita a kan ƙirjin garmar gaba ɗaya, yadda ya ga ƙarfe na yin ja a maƙera, ni kuma ina buga famfo har hannuna ya sage. Kananzir ya ƙare, muka ƙara, ya sake ƙarewa. Ƙarfen ya yi zafin da ba a taɓawa amma bai yi ja ba. Wani daga bakin zaure ya ce, "Malam Haruna, ko a kawo ƙwai a soya, kada wutar ta tafi a banza?" A nan ne Baba ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sufana, ya hau da dukkan nauyinsa. Muka ji ƙas! Notin yana nan inda yake, ƙirjin garmar ne ya tsage gida biyu.

Bai doke ni ba. Da ma ya doke ni. Ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya ce a hankali, "Ba laifinka ba ne. Laifin wanda ya tambayi yaro ne."

Kwana tara garmar ta yi a wurin mai walda a Daura. Kafin ta dawo ƙasa ta bushe, ruwa ya ɗauke, bijimai suna tsaye a garke suna cin harawar da ta rage, ina kallon gonakin mutane sun yi kunya-kunya tamu tana shimfiɗe. Da ruwa ya dawo muka yi huɗa a makare, liƙin ya sake buɗewa a tsakiyar gona, dole Baba ya je ya tsuguna a maƙerar da ya rantse ba zai taka ba. Gyaɗar ba ta yi ƙwaya ba, ruwa ya janye tana fure. Sallar shekarar da tsofaffin riguna muka yi ta. Daga nan Baba bai sake miƙo mini takarda ba, ko ta asibiti ce sai ya naɗe ta a aljihu ya kai wa malaminmu. Da na gama aji shida ba wanda ya yi zancen in ci gaba da karatu, ni ma ban iya buɗe baki na tambaya ba.

Yanzu ina da 'yar rumfar kayan babur a Daura. Bara wani makanike maƙwabcina ya kawo tsohon ƙarfe mai noti irin namu, ya ciro wani ɗan gwangwanin gas mai kan wuta, wanda bai kai fitilar da na zaɓa wa Baba girma ba. Ya shiga lungu ya juya wa iska baya, ya sa bakin wutar a kan notin kaɗai, ya ɗiga mai, ya murɗa. Ya kwance kamar ba a taɓa ɗaure shi ba. Na ba shi labarinmu, ya yi dariya ya ce, "Baba Idi, ai faffaɗan ƙarfe shanye zafi yake. Ko babbar kuka saya, a tsakar gida cikin iska haka za ku ƙare."

Ban yi dariya ba, ciniki ma ban ƙara yi ba ranar. Yau manoman ƙauyenmu ba sa jiran kowa, yaran makanikai na zuwa har gona a kan babur su kwance musu abin da ya cije. Baba kuwa ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, ya tafi yana ganin ni na ɓata daminar nan, ni ma haka na ɗauka har na yi furfura. Gaskiyar ta zo, amma wanda nake so ya ji ta ba ya nan.