Gyaɗar da Yaya ya kawo daga Kebbe

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau.

Kun san likita ya hana Baba alkama. Shi ne nake masa ɗanyen biskit: in jiƙa gyaɗa, in kirɓa da riɗi da dabino, in shanya a faifai, ko wuta ba ya gani. Yau gyaɗata ta ƙare, na ɗebi wadda Yaya Sani ya kawo daga Kebbe. Ruwan jiƙon ya yi ja, na zaci ɓawo ne, na zubar a tsakar gida, na kirɓa gyaɗar na shanya.

Bayan azahar na tarar da kajina a wurin, duk sun mutu. Innalillahi!

Na kira Yaya. Ya ce, "Ke, ta iri ce! Da maganin ƙwari na cuɗe ta."

Na ruga wurin shanya. An gutsiri gefe guda.

Baba na zaune da carbinsa. Na ce, "Baba, kun ci?"

Ya ce, "Loma guda. Na yau da ɗaci, amma kin sha wahala, shi ya sa ban hwaɗi ba."

Muna hanyar asibitin Tambuwal. Ina kuka, shi ke ba ni haƙuri.