Muryar Baba da Manyan Ɗakuna

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, ranar da na kusa rasa muryar Baba tana nan daram.

Kafin rasuwarsa, kullum da safe sai ya aiko min saƙon murya daga Matankari. Gajeru ne: an yi ruwa, gero ya yi kai, yaushe zan yi hankali. Sun taru dubbai a tsohuwar wayata. Ana nan sai batirin ya kumbura, wayar ta fara mutuwa tana farfaɗowa. Na sayi kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, don in kwashe su. Wajen formate ta, wato share ta a shirya, kwamfuta ta tambayi girman ɗakunan ajiya. Ni kuwa mutum ne mai son babban abu, ko takalmi sai ya yi min yawa. Na zaɓi mafi girma.

Ban kwashe ko kwata ba, kile ta ce ta cika! Na hau babur sai shagon taubashiyata, ɗiyar kawuna, mai buga takardu a Dogon Dutsi. Na shiga ina faɗa, wai an sayar min da jabu.

Ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Jabun yana bisa kujera zaune! Wa ya ce ka zaɓi wanga?"

"Ba babba ya fi ba?"

"Kile gida ce. Kai ka yanka ta manyan ɗakuna ƴan kaɗan. Kowane saƙo, komi ƙanƙantarsa, ɗaki guda yake kamawa, kuma ba ya kwana da wani. Ka ba kowace kaza zaure, ina gida zai isa?"

Ta ce manyan ɗakuna na dogayen bidiyo ne, ƙananan saƙonni sai ƙananan ɗakuna, wanda bai sani ba kuma ya bar zaɓin da kwamfuta ta kawo. Sai dai sake formate zai share abin da na riga na kwasa, ga waya tana shure-shure. Na ce bismilla. Ta share, ta zaɓi ƙarami, muka jona wayar. Na riƙe igiyar da hannu biyu, ko tari ban yi ba. Duka suka shige, kile ko rabi ba ta yi ba. Wallahi na yi rawa a shagon mutane!

Ranar Juma'a na kunna wa Inna a Matankari. Muryar Baba ta fito: "Yaushe za ka yi hankali?"

Inna ta share ido tana dariya, ta ce, "Malam, har yau muna jira."

Wayar ba ta ƙara kwana uku ba. Tun ranar na daina zaɓen abu don girmansa. Sai na duba abin da zan zuba a ciki, in ban gane ba in tambaya, ko da taubashiya za ta shekara tana min dariya.