Su Aka Bar wa Sojoji

Ƙarfe bakwai na safe, ranar Laraba, muna gonar Malam Isa a bayan dutse. Akwai ni, da ƙanena Garba, da Ɗanjuma makaɗi, da kusan duk mazan ƙauyenmu. Gayya ce ta maimai, ta farko tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga.

Bari in fara da abin da ya gabata. Sojoji sun yi damina biyu a makarantar firamarenmu. Da hare-hare suka lafa, aka ce za a rage su. Babbansu ya zagayo, ya ga kasuwarmu tana ci, ya ga mun share gonakin nesa. Aka kwashe namu. Na garin bakin titi, hanyar Tsafe, aka bar su da motoci biyu. Garin nan ba a taɓa kai masa hari ba. Mu muka binne mutane, su aka bar wa masu gadi.

Ƙarfe tara Ɗanjuma ya ɗora kiɗa. A wurinmu ba a gayya sai da ganga, da ita ake jera fartanya. Yana wasa kowa da kirarinsa, muna ta noma. Gangar ce ta rufe mana ƙarar babura. Da shiru muke noma kamar bara, da mun ji su tun daga rafi.

Wajen ƙarfe goma harbi ya tashi. Malam Isa ya yi ihu: "Ku hau dutse!" Na hau. Garba ya juya wajen shanunsa da ke ɗaure a gefen gona. Na kira shi, bai waiwayo ba.

Da azahar harbi ya tsaya. Na sauko, na tarar da matata Hassi da yara ɓoye a kwazazzabo. La'asar muka isa garin bakin titi a ƙafa. Sojojin suna nan ƙarƙashin bishiya. Mutane na dawowa daga gona, fartanya a kafaɗa, ba mai waiwaye. Sun ba mu ruwa da fura, Allah ya saka musu. Amma na kasa haɗa ido da su. Yaransu na wasa a waje. Na duba abin da suka fi mu, ban ga komai ba sai kwalta.

Washegari muka koma da rakiyar sojoji. Muka binne Garba, da Ɗanjuma, da mutum huɗu. Garba ya bar matarsa da ciki. Yanzu muna Gusau, ɗaki ɗaya a gidan surukina.

Mai karatu, in kana da wanda masu rabon sojoji ke jin maganarsa, ka gaya masa dawarmu ta nuna, babu mai yanka. Motar sojoji ɗaya muke roƙo, har mu gama girbi.