Burtalin da Ban Je Na Gani Ba

Mararaba zuwa Gwagwalada

Ƙarfe biyar da rabi, ina sallame asuba, na bar gida don in riga cunkoson Nyanya. Aikina a ofishinmu shi ne duba yanayin ƙasa: nan dutse, nan fadama, nan ya dace da gini. Ga laifina, ba zan ɓoye ba. An tura ni in duba gefen wani keɓaɓɓen daji bayan Paikon Kore, ƙyuya ta hana ni zuwa. Na zauna ƙarƙashin fanka, na kalli hoton wurin da aka ɗauka daga sama, na rubuta cewa fili ne da babu mai amfani da shi. Ranar Litinin za a fara yanka filaye bisa rahotona. Zuciyata ta ƙi kwanciya, shi ya sa na fito ranar Asabar.

Bas ta sauke ni a Gwagwalada takwas saura kwata. Na karya da koko da ƙosai, na hau acaɓa.

Paikon Kore

A shingen 'yan banga wani ya leƙa jakata.

"Oga, mai awon fili ne?"

"Mai dubawa dai."

"Duk ɗaya ne. Ku kuna gaba, katafila tana baya."

Tara da rabi na isa bakin dajin. Mai unguwa ya haɗa ni da Baba Ɗanjuma, Bagware manomin doya, da Ardo Buba, shugaban makiyayan wurin. Muka taka kilomita biyu. A tsakiyar filin da na ce babu kowa, sai ga bini-da-zugu a jere, layi biyu, sun miƙe har rafi.

"Baba, wa ya shuka wannan?"

Ya nuna Ardo. "Babana da baban wannan tsoho mai rowar nono. Burtali ne. Da damina in gonaki suka rufe ko'ina, ta nan shanu ke zuwa ruwa."

Na fito da hoton daga jaka, Ardo ya karɓa ya juya shi. "Malam, da rani aka ɗauki abin nan. Ka zo gida muna kasuwa, ka ce kango ne."

"In kun gina nan," in ji Baba, "ta cikin doyata shanunsa za su bi. Daga nan sai adda da sanda."

Na auna faɗin burtalin, na zana shi har mashaya, na rubuta fadamar da ke gefensa.

Komawa

A tashar Gwagwalada, bayan la'asar, na kira shugabana.

"Ranka ya daɗe, rahoton da na kawo ƙarya ne. Ban je ba sai yau. A dakatar da yankan."

Ya ce, "Ka kawo sabon Litinin ƙarfe bakwai. Takardar tuhuma kuma tana jiranka."

"Na cancanta."

Na shiga gida ana kiran magariba, ƙafafuna duk taɓo. Na gode wa Allah da ya sa ni zan amsa tuhuma, ba dattawan nan biyu ba.