Lilon Mzee Kivuva da Motar Jana'iza

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mzee Ndolo Kivuva, mai walda a unguwarmu ta gabashin Nairobi, bayan ciwon ƙirji na mako biyu. Shekara goma sha bakwai rumfar shayina tana jingine da rumfarka, Mzee, don haka ba zan yi maka adon ƙarya ba, kai ma ba za ka so ba.

Ba waliyyi ba ne kai. Akan gindaya wa masu gina benayen haya sharaɗin ware wa yaran unguwa wurin wasa kafin a ba su takardar kammala gini. Kai kuwa kana da lilo guda ɗaya da kake ba su haya. A kai shi a amalanke ranar da mai dubawa zai zo, a ɗauki hoto, washegari a dawo maka da shi ka sauya masa fenti. Nakan tsokane ka cewa lilon nan ya fi direban matatu, motar hayar nan, sanin gari, ka yi dariya ka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai abin ya zo gida. Mista Gathecha ya sayi filin da yaranmu ke buga ƙwallo, ya dasa bene hawa tara, ya bar wani lungu da sunan wurin wasa, ya zo hayar lilo. Da safiyar dubawa muka gan ka da buhun siminti biyu. A gaban mai dubawa ka haƙa rami huɗu, ka binne ƙafafun lilon cikin kankare, Gathecha yana murmushin dole. Da baƙon ya tafi ka miƙa wa Gathecha kuɗinsa.

Ka ce, "Yallaɓai, na fasa hayar. In kana so a cire, kira mutumin ya dawo a cire a gabansa."

Ya ce, "Mzee, da wa kake wasa?"

"Ni na tsufa da wasa. Ga masu wasan can."

Ka san abin da ka jawo wa kanka. Masu gini suka haɗa baki, aikin ƙofa da taga ya ɗauke maka ƙaf. Mutumin da ya ƙera ƙofofin rabin titinmu ya koma liƙe murhun gawayi da kunnen tukunya. Sau nawa na ga ka wuni a kan shayi da mandazi ɗaya, fanken nan namu, ka ce ba ka jin yunwa? Duk da haka kowace Asabar kana can kana shafa wa sarƙar lilon mai. Shekara huɗu 'ya'yanmu suna da inda za su je, ba bakin kwata ba, ba gaban motoci ba.

Da ka rasu muka zauna haɗa gudummawar kai ka ƙauyenku a Kitui. Sai ga saƙo daga Gathecha, wai ya ɗauki nauyin bas biyu don kada kowa ya rasa jana'izar dattijo. Muka ce ashe zuciyarsa ta yi laushi. Unguwa ta kwashe kaf, har da yara. A bakin kabarinka ni aka ba lasifika, ni na yi wa Gathecha godiya, jama'a suka tafa.

Mun dawo ranar Lahadi mun tarar an yanke lilon daga tushe, an shimfiɗa kwalta, an ja farin layi na ajiye mota shida. Raina ya ɓaci da Gathecha, amma ya fi ɓaci da kaina. Da kana nan, da jin maganar bas za ka ce a bar mutum biyu su yi gadi.

Mama Syombua, matarka, tana ƙauye tana zaman makoki. Jiya ta bugo waya tana tuna mini a shafa wa sarƙa mai ranar Asabar. Na ce mata to.

Allah Ya jiƙanka, Mzee Kivuva, Ya yafe maka shekarun haya saboda shekara huɗun nan, Ya ba ka hutawa. Ya ba Mama Syombua da 'ya'yanku, Mueni da Nzioka, haƙurin rashinka. Mai bas na bar shi da Mahaliccinsa. Mu kuma da muka hau, muka ci, muka tafa, Allah Ya yafe mana, Ya ba ni bakin da zan faɗa wa matarka.